Ɗan Boko a Gaban Alƙali: Abin da Na Gani a Finafinan Turkiyya

A harshen Turkanci akwai wata kalma, “aydın”, wadda asalin ma'anarta shi ne abu mai haske. Da ita Turkawa suke kiran mutumin da ya yi zurfi a ilimin zamani, kamar marubuci da malamin jami'a da likita, kuma sukan raɗa wa yaro ita a matsayin sunan yanka. Idan muka ce “wayayye” da Hausa ba mu yi nisa da ita ba, domin wayewa ma daga hasken safiya aka aro ta. Na fara da wannan kalma ne saboda a 'yan shekarun da na yi ina bin finafinan ƙasar Turkiyya, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar yadda masu shirya su suka ɗauki wannan wayayyen mutum suka gurfanar da shi, suka yi ta yi masa tambayoyin da ba ya son ji. Da yake ni da mafi yawan masu karanta wannan mujalla 'yan ajinsa ne, ko masu shirin shiga ajin, na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Kafin in yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin finafinan da nake nufi. Ba ina magana a kan dogayen wasannin talabijin irin su Diriliş: Ertuğrul ba ne, wanda aka nuna daga 2014 zuwa 2019, wanda kuma matasanmu da yawa suka haddace sunayen jarumansa. Waɗancan suna da dawaki da takubba da kirari, suna da masu sonsu. Waɗanda nake nufi finafinai ne masu tafiyar hawainiya, babu rawa, kiɗa ma sai jefi-jefi, kuma sau da yawa kyamara kan tsaya a fuskar mutum ɗaya har mai kallo ya fara gyara zama. Wani abokin aikina na sashen wasan kwaikwayo ne ya fara ara mini faifai biyu daga cikinsu, tare da kashedin cewa in tanadi haƙuri. Abin da ya fara jan kunnena shi ne kalmomin da nake tsinta ba tare da na dubi fassarar da ke ƙasan allo ba: “dünya” da “zaman” da “kader” da “haber”, wato duniya da zamani da ƙaddara da labari. Mu da su daga rijiyar Larabci ɗaya muka ɗebo su. Wannan ya rage mini baƙunta, har na zauna na ga abin da ke bayan kalmomin.

Ba za a gane matsayin wayayye a Turkiyya ba sai an waiwayi tarihi kaɗan. A 1923 aka kafa Jamhuriyar Turkiyya a kan kufan Daular Usmaniyya, ƙarƙashin Mustafa Kamal Ataturk. A 1928 gwamnati ta soke rubuta Turkanci da haruffan Larabci, ta wajabta na Romawa, har jikoki suka wayi gari ba sa iya karanta wasiƙun kakanninsu. Wanda ya san labarin ajami da boko a wurinmu zai fahimci wani ɓangare na abin, ko da yake a can hukuma ce ta 'yan ƙasa ta yanke shi da doka cikin 'yan watanni. Daga nan sai aka ɗora wa mai ilimin zamani wani nauyi: shi ne manzon hukuma zuwa ƙauyukan Anatoliya, shi zai kai musu makaranta da asibiti da sabuwar hanyar rayuwa. Malamai da likitoci da masu gabatar da ƙara aka riƙa turawa lunguna masu nisa su yi aikin dole na wasu shekaru. Su kuma mutanen ƙauye suka yi ta kwarara birni. Istanbul, wanda magabatanmu suka sani da Santambul, yana da mutum kimanin miliyan 1 a 1950, yanzu ya haura miliyan 15. Ke nan kusan duk wayayyen da ke birnin yana da ƙauyen da ya baro, kuma wata rana wani daga ƙauyen zai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Finafinan farko da suka fitar da sunan Turkiyya waje ba su damu da wannan mutum ba tukuna. A lokacin ana shirya finafinai a wani titi na Istanbul mai suna Yeşilçam, wanda sunansa ya zama sunan masana'antar baki ɗaya, kuma a farkon shekarun 1970 sukan fitar da kusan fim 300 a shekara, galibi na soyayya da ban dariya da doke-doke. Daga cikin wannan kasuwa ne Metin Erksan ya fito da Susuz Yaz, wato bazarar da babu ruwa, wanda ya ci babbar lambar yabo ta bikin finafinai na Barlin a 1964. Labarin wani manomi ne, Osman, da ya datse maɓuɓɓugar ruwan da ke gonarsa ya hana maƙwabta, ya kashe mutum a rikicin da ya biyo baya, ya sa ƙanensa Hasan ya ɗauki laifin ya tafi kurkuku, sannan ya mallake matar ƙanen da ƙaryar cewa mijinta ya mutu. Mugun a fili yake, mai kallo ba ya bukatar a nuna masa shi da yatsa.

Haka abin yake a wajen Yılmaz Güney, wanda aka haifa a 1937 a yankin Adana cikin iyalin Kurdawa matalauta. Ya fara shahara ne a finafinan doke-doke, inda ake masa laƙabi da Mummunan Sarki, kafin ya shirya Umut, wato fata, a 1970. Shi da kansa ya fito a matsayin Cabbar, mai keken doki da ke ciyar da iyali da ƙyar, yana sayen tikitin caca da fatan wata rana. Mota ta kashe masa doki, 'yan sanda suka bi bayan mai motar, masu bin bashi suka kwashe abin da ya rage. Daga ƙarshe ya bi wani malamin tsibbu jeji neman dukiyar da aka ce an binne, fim ya ƙare yana juyi a fili da idanu a ɗaure, hankali ya gushe. Güney ba waliyyi ba ne: a 1974 an kama shi da kisan wani alƙali, aka yanke masa shekara 19. Daga cikin kurkuku ya rubuta Yol, wato hanya, mataimakinsa Şerif Gören ya ɗauka bisa umarninsa, shi kuma ya tsere a 1981 ya tace fim ɗin a Suwizalan. A 1982 Yol ya ci lambar Ganyen Dabino ta Zinariya a bikin Cannes na Faransa, tare da wani fim na Costa-Gavras. Fursunoni biyar ne aka ba hutun mako guda su ga iyalansu, sai suka tarar waje ma kurkuku ne: sojojin da suka yi juyin mulkin 1980 sun tsare kowace hanya, al'ada kuma ta tsare kowane gida. Ɗayansu, Seyit Ali, ya iske dangi sun ɗaure matarsa wata takwas saboda ta zubar da mutuncin gida, suna jiran ya zo ya kashe ta. Ya tasa ta gaba cikin dusar ƙanƙara, sanyi ya yi aikin, a daidai lokacin da zuciyarsa ta karaya ya fara ƙoƙarin ceto ta. Güney ya rasu a Faris a 1984, Turkawa kuwa ba su ga Yol a gidajen silimarsu ba sai 1999.

Ina girmama waɗannan finafinai, kuma na san an sha wuya kafin a yi su. Sai dai akwai wani daɗi da suke bar wa mai kallo irina. Wanda ake tuhuma a cikinsu mai gona ne, ko ɗan sanda, ko soja, ko tsohuwar al'ada. Mai digiri yana zaune a kujerar 'yan kallo, yana girgiza kai, yana jin cewa shi yana ɓangaren masu gaskiya. Wannan kujerar ce Nuri Bilge Ceylan ya janye.

An haifi Ceylan, ana furta sunan Jeylan, a Istanbul a 1959, amma ya yi ƙuruciyarsa a wani ƙaramin gari mai suna Yenice a lardin Çanakkale. Injiniyan lantarki ya karanta a Jami'ar Boğaziçi, ya yi sana'ar ɗaukar hoto, bai fara fim ba sai da ya haura shekara 35. A lokacin talabijin da bidiyo sun durƙusar da Yeşilçam, saboda haka shi da tsararrakinsa irin su Zeki Demirkubuz da Yeşim Ustaoğlu da Derviş Zaim suka fara da abin da ke hannunsu. Ceylan ya sa mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗan'uwansa a finafinansa na farko. Na uku, Uzak, wato nesa, na 2002, a gidansa na Istanbul ya ɗauke shi.

Labarin Uzak bai fi a faɗa cikin numfashi biyu ba. Mahmut mai ɗaukar hoto ne da ya baro ƙauye tun da daɗewa. Da can yana mafarkin yin manyan finafinai, yanzu hoton tayil yake ɗaukar wa wani kamfani, aurensa ya mutu, yana zaune shi kaɗai cikin littattafai. Yusuf ɗan'uwansa ne daga ƙauye, masana'antar garinsu ta sallami ma'aikata, ya zo neman aikin jirgin ruwa, ya ce mako guda zai yi. Aikin bai samu ba, mako ya zama makonni. Babu zagi mai yawa, babu duka. Abin da ake nuna mana ƙananan abubuwa ne: Mahmut ya ɗauki takalman baƙonsa ya fesa musu turare ya tura cikin kabad, ya bi shi yana kashe fitilu, ya sa wani fim ɗin Rasha mai nauyi har Yusuf ya gaji ya tafi barci, shi kuma ya canza zuwa na batsa. Wata rana agogon azurfa ya ɓace. Mahmut ya tambayi Yusuf da irin muryar da ta fi zargi ciwo. Can yana bincike sai ya ga agogon a cikin tarkacensa, ya yi sauri ya rufe shi, bai ce uffan ba. Yusuf ya gane an bincike jakarsa. Bai yi gardama ba, ya rataye makulli ya tafi. A ƙarshe Mahmut na zaune bakin teku cikin sanyi, yana shan taba mai arha da Yusuf ya manta, irin wadda da can ya raina. Fim ɗin ya ci babbar lambar alƙalai a Cannes a 2003, aka raba lambar gwanin 'yan wasa tsakanin Muzaffer Özdemir da Mehmet Emin Toprak. Toprak, wanda ya fito a Yusuf, ɗan'uwan Ceylan ne na jini, kuma haɗarin mota ya kashe shi a Disamba 2002 yana da shekara 28, bai ga lambar ba.

Mu da muke aiki a nan kudu, nesa da gida, mun san ɗakin da Yusuf ya kwana. Kowane gida a unguwar malamai yana da irinsa. Yau ƙanen matarka ne mai neman gurbin karatu, gobe ɗan maƙwabcin mahaifinka ne da aka ce masa aiki na nan birjik a bakin ruwa. Kowa na zuwa da tsarabar daddawa da kuka da fatan dangi a kansa, kuma a idonsa kai ne wanda ya isa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma ba su faɗi yadda za a yi da raɓar da ta ƙi bushewa ba, albashi kuma bai ƙaru ba. Ceylan bai ɓoye cewa Yusuf yana da nasa halin ba: ƙazami ne, yana bin mata a titi da ido, ba ya neman aikin da himma. Da ya mai da shi salihi da labarin ya yi sauƙi. Abin da ya tono shi ne dalilin ƙyamar. Mahmut yana jin warin takalman ne domin warin gidan da ya fito ne, shi kuwa ya yi shekaru yana wanke kansa daga wannan wari. Lafazin Yusuf shi ne lafazin da ya yi fama ya kankare daga harshensa. Ga shi kuma a ɓoye ya san bai zama abin da ya baro ƙauye domin ya zama ba, sai ya huce a kan wanda ya zo yana kallonsa da sha'awa.

Na taɓa nuna wa ɗalibaina na aji huɗu wannan fim a darasin nazarin taurari. Minti ashirin na farko sai hamma da duban agogo. Da aka zo wurin agogon azurfa, aji ya yi tsit. Bayan an kunna fitila wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ni na taɓa zama Yusuf a gidan yayan babana.” Wani daga baya ya ce shi abin da ya ba shi tsoro shi ne shekara biyar nan gaba yana iya zama Mahmut. Ban ƙara komai a kan maganarsu ba, domin sun riga sun fitar da jigon.

A Kış Uykusu, wato barcin hunturu, Ceylan ya daina sakaya zance, ya raɗa wa tauraronsa suna Aydın. Tsohon ɗan wasan dandamali ne, Haluk Bilginer ya fito a matsayinsa, ya gaji wani ƙaramin otal da gidajen haya a yankin Kapadokiya mai gidajen cikin duwatsu. Yana rubuta sharhi a wata ƙaramar jarida, yana kuma shirin rubuta tarihin wasan kwaikwayon Turkiyya, shirin da ya ƙi ƙarewa. Wata rana yaro ya jefi gilashin motarsa da dutse. Ashe iyalin yaron 'yan hayarsa ne, sun kasa biya, lauyoyinsa sun sa an kwashe musu firji da talabijin, an kuma wulaƙanta uban a gaban ɗansa. Aydın ya ce shi bai san komai ba, lauyoyi da yaronsa Hidayet ke kula da irin waɗannan abubuwa. Baffan yaron, Hamdi, limamin unguwa ne. Ya tako tafiya mai nisa cikin laka da yaron domin a ba da haƙuri, yana murmushin dole. Aydın ya miƙa hannu a sumbata kamar yadda al'adarsu take, yana nuna kamar ba ya so, yaron ya yanke jiki ya faɗi. Abin da Aydın ya tsinta daga duk wannan shi ne abin rubutu: sharhi a kan yadda ya kamata malamin addini ya kasance mai tsabta da kamala. Ƙanwarsa Necla da matarsa Nihal su ne suka faɗa masa gaskiya, cikin muhawarori masu tsawon da ban taɓa ganin irinsu a fim ba, cewa kyawawan kalmominsa makamai ne na danne na ƙasa da shi. Nihal ma ba ta tsira ba. Ta ɗauki kuɗi masu yawa da dare ta kai wa iyalin, uban yaron ya ƙirga su a gabanta ya jefa cikin wuta. Fim ɗin awa uku ne da minti 16, an gina shi a kan gajerun labaran Chekhov na Rasha, kuma ya ci Ganyen Dabino a 2014, shekara 32 bayan Yol.

Abin tsoro game da Aydın shi ne ba ya ƙarya ƙiri-ƙiri. Yana son tsabta da gaske, yana ƙin jahilci da gaske, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Duk maganar da ya yi, idan aka ɗauke ta ita kaɗai, za a iya sa ta a littafin makaranta. Amma bai taɓa barin gaskiya ta ci masa ko sisin kwabo ba. Wanda duk ya zauna a taron malamai ya ji yadda muke iya yin awa biyu a kan halin da talaka ke ciki, alhali masinjan da ya kawo shayin yana bin bashin alawus na watanni, zai gane wannan murya.

Kada a ɗauka Ceylan ya yanke wa mai ilimi hukuncin cewa ba shi da amfani. A Bir Zamanlar Anadolu'da, wato wani zamani a Anatoliya, na 2011, motoci uku ne ke yawo cikin dare a jejin Keskin, ɗauke da 'yan sanda da mai gabatar da ƙara da likita da wanda ya amsa laifin kisa, suna neman inda ya binne gawa, shi kuwa ya ce a buge yake, ya manta. An samo labarin daga abin da ya faru da Ercan Kesal, likita ne da ya yi aiki a garin, ya kuma taya rubuta fim ɗin. Da safe, wurin binciken gawa, aka ga ƙasa a maƙogwaro da huhun mamacin, alamar da ransa aka binne shi. Likita Cemal ya yi shiru, ya leƙa taga, sannan ya sa a rubuta cewa ba a ga komai ba. Ba a faɗa mana dalili ba. Akwai matar mamacin da ƙaramin yaro da za su rayu da abin da takardar ta ce, kuma an riga an nuna mana alamar cewa yaron ɗan wanda ake tuhuma ne. Na sha juya wannan wuri a raina, har yau ban yarda cewa likitan ya yi daidai ba, domin mamaci ma yana da haƙƙi. Amma a nan ne na ga mai ilimi ya san cewa alƙalaminsa yana sauka a kan mutane masu rai, ya kuma ɗauki nauyin abin da ya rubuta a wuyansa.

Fim ɗin da nake so ɗalibai su fi lura da shi shi ne Ahlat Ağacı na 2018, mai sunan wata karkatacciyar bishiyar jeji. Sinan ya gama karatun koyarwa ya koma garinsu, Çan, da rubutaccen littafi a jaka da raini a baki. Ya raina garin, ya raina marubucin da ya riga shi suna, ya fi raina mahaifinsa İdris, malamin firamare da cacar tseren dawaki ta cinye, wanda ke ɓata ranakun hutunsa yana haƙa rijiya a tudun da kowa ya ce babu ruwa. Don ya buga littafin, Sinan ya sayar da karen mahaifin a ɓoye, abu ɗaya da tsohon ke ƙauna. Da ya dawo daga aikin soja, ya tarar ba a sayi littafin ba, mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba su karanta ba, danshi ya fara cin kwafen da ke gida. Mutum ɗaya ne ya karanta shi daga farko har ƙarshe, har yana tuna babi-babi: mahaifin nan. Fim ya rufe da Sinan a cikin rijiyar yana haƙa.

Semih Kaplanoğlu ya zo wa wannan magana ta wata ƙofa. Ya yi finafinai uku a kan wani mawaƙi mai suna Yusuf, ya faro daga girmansa ya koma ƙuruciya: Yumurta a 2007, Süt a 2008, Bal a 2010, wato ƙwai da madara da zuma. A Bal, wanda ya ci babbar lambar Barlin a 2010, Yusuf ɗan shekara shida ne a dazukan gefen Baƙin Teku. A aji in'ina ke kama shi, yana ta kallon 'yar lambar da malami ke maƙala wa wanda ya iya karatu. A gaban mahaifinsa Yakup, mai ɗaura amya a ƙwanƙolin dogayen bishiyoyi, magana na fita sumul cikin raɗa, yana sanin sunayen furanni da irin zumar da kowanne ke bayarwa. Da ya zo ba da labarin mafarkinsa, uban ya hana shi faɗa da ƙarfi, abin da zai tuna wa mai karatu ƙissar Annabi Yusuf da Annabi Yakubu, tsira da aminci su tabbata a gare su. Babu kiɗa ko kaɗan a fim ɗin, sai iska da tsuntsaye da ƙarar reshe. Kaplanoğlu yana tuna wa mawaƙin birni cewa harshensa na farko a wurin mai amya ya samo shi.

Akwai sukar da ake yi wa waɗannan finafinai a Turkiyya kanta, kuma tana da ƙarfi. Ana cewa don alƙalan Turai ake yin su, talakan da ake nunawa ba ya kallonsu. Alƙaluma na goyon bayan masu sukar: a 2014 kimanin mutum dubu 300 ne suka sayi tikitin Kış Uykusu a Turkiyya, alhali fim ɗin barkwanci Recep İvedik 4 ya tara fiye da miliyan 7. Ana iya ƙarawa da cewa wayayye ya yi fim yana sukar wayayye, wayayyu su tafa masa a Faransa, wannan ma wata hanyar jin daɗin kai ce. Ban musa ba. Abin da zan ce shi ne wasiƙa tana zuwa ne ga wanda aka rubuta wa. Manomin Anatoliya ba ya bukatar a kwashe awa uku ana gaya masa cewa mai gidan haya yana raina shi, ya sani tun kafin a haifi Ceylan. Dubu 300 ɗin nan su ne ke zama lauyoyi da likitoci da malaman da ake turawa gabas, irin Samet na Kuru Otlar Üstüne, fim ɗin Ceylan na 2023, malamin zane da ke ƙirga kwanakin barin ƙauyen da aka kai shi. Idan su suka kalla, saƙo ya isa inda aka aike shi.

Tafiyar hawainiyar ma a nan amfaninta yake. Fim mai sauri yana ba mai kallo mafaka: kafin ka gama jin kunyar abu, an wuce da kai wani wuri. Idan kyamara ta tsaya a kan Mahmut bayan ya rufe agogon, ba kiɗan da zai gaya maka abin da za ka ji, dole ka zauna tare da shi cikin shirun nan, kuma a cikin shirun ne mutum yake tuna nasa baƙin. Mu da muka tashi cikin tarbiyyar kunya da kawaici mun san cewa magana mafi nauyi a gida sau da yawa ita ce wadda ba a furta ba. Suruka da ta kau da kai, ko uba da ya ce “to, madalla” ya ci gaba da jan carbi, sun gama magana. Saboda haka ina ganin mai kallo Bahaushe ya fi wasu shirin fahimtar waɗannan finafinai, in dai ya daure wa rabin awa na farko.

Shekara da shekaru ina cikin masu tace labaran da ɗalibai ke aiko wa wannan mujalla, kuma akwai wani tauraro da ba ya fashi. Saurayi ne ko budurwa mai digiri, ya koma gida ya tarar da jahilci, ya yi wa tsofaffi jawabi, daga ƙarshe kowa ya gane shi ne mai gaskiya. Wani lokaci labarin na da kyau, kuma abin da yake yaƙa ya cancanci yaƙi. Amma har yanzu ina jiran labarin da zai bi wannan saurayi bayan shekara goma, ya shiga falonsa ranar da ɗan baffansa ya sauka daga motar dare da jakar leda a hannu, ya nuna mana fuskar mai gida a daidai lokacin da ya buɗe ƙofa. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda zai rubuta wannan labari sai ya sauko daga tudun ya dubi abin da yake takawa, kuma kayan aikin duk suna nan a unguwar malamai da ɗakunan kwanan ɗalibai. Wanda ke son ganin yadda wasu suka yi, ya fara da Uzak, shi ne mafi gajarta a cikin na Ceylan da na ambata, bai kai awa biyu ba. In ya gama, ya ɗauki alƙalami. A nan zan dasa aya.